Kafin ka tura kuɗin jita mai feda, leƙa ƙarƙashinta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana makaɗa na Garwa da Marwa da Ngaundere har zuwa Njamena, a kan wani kayan kiɗa da ya fara shiga ran samarinmu. Ina nufin jita mai feda, wadda Amurkawa ke kira fedal sitil, wadda ake kwantar da ita a kan ƙafafu huɗu, makaɗi ya zauna a bayanta yana goga ƙarfe mai santsi a kan tsirkiya, ƙafafunsa na taka feda, gwiwoyinsa na tura sanduna. Samari sun ga ana kaɗa ta a waya, sautinta ya tafi da su, yanzu duk wanda yake da ɗan'uwa a Faransa ko Amurka sai ka ji yana cewa a sayo masa. Sana'ata gyaran keken ɗinki ce, kiɗa kuwa na dare ne da na biki, kuma ina da irin wannan jita guda ɗaya a ɗaki. Shi ya sa ake zuwa shagona da hotuna ana tambayata wacce za a saya. Na ga gara in faɗa a bainar jama'a, kowa ya ji.

Amsata ba ta yi wa yawancinsu daɗi, domin suna zuwa ne da sunan kamfani a baki da sautin bidiyo a kunne. Ni kuwa abin da nake cewa shi ne: sayi wadda za ka iya gyarawa da hannunka a Garwa. Wanda ke zaune a birnin Nashbil na Amurka, in fedarsa ta ƙi komawa daidai, sai ya sa jitar a mota ya kai wa gwani, kafin la'asar an gama. Kai kuwa kai ne makaɗin, kai ne makanikin, kai ne kuma mai jiran kayan gyara su ƙetaro teku.

Mu nan ba daga Amurka muka fara jin wannan sauti ba. Daga Legas ya zo mana, a kaset ɗin King Sunny Ade da fatake ke shigowa da su ta Yola da Mubi. Demola Adepoju ne ke kaɗa masa ita tun ƙarshen shekarun 1970, kuma bayan faifan da kamfanin Island ya fitar musu a 1982 duniya ta san cewa Bayarabe ya ɗauki kayan kiɗan Amurkawan karkara ya sa shi yana magana da gangunan juju. Asalinta kuwa tsibirin Hawayi ne, inda Joseph Kekuku ya fara kwantar da jita a cinya yana goga mata ƙarfe a ƙarshen ƙarni na 19. Daga baya aka yi mata ƙafafu, aka ƙara feda. Paul Bigsby ya ƙera wa makaɗi Speedy West tasa a 1948, amma sai a 1953 ne Bud Isaacs, yana yi wa mawaƙi Webb Pierce kiɗa, ya taka feda alhali tsirkiya na cikin kuka, aka ji murya ɗaya ta hau ɗayar na tsaye. Wannan hawan shi ne abin da samarinmu ke so, kuma ban ga laifinsu ba. Kunnen da ya tashi da kalangu ya san wannan abu: yadda makaɗi ke matse tsirkiyar kalangu a hammata murya ta hau, ya saki ta sauko, haka feda ke yi, sai dai ita da ƙafa.

To ga inda aikin yake. In ka kifa jitar a cikin akwatinta, abin da za ka gani a cikinta ba na makaɗa ba ne, na makanikai ne. Kowace feda tana jan wani siririn ƙarfe da ya hau sama, shi kuma ya juya wata sanda da ta gitta jikin jitar, sandar ta ja wasu tsinkayen ƙarfe da suka miƙe zuwa ƙarshen dama, inda kowace tsirkiya take ɗaure a kan nata ɗan yatsan ƙarfe. Yatsan ya karkata, tsirkiya ta ƙara tauri, murya ta hau. Ka ɗaga ƙafa, dole yatsan ya koma daidai inda ya taso, ba kusa da wurin ba. In ya kuskure da kaurin gashi, kunne zai ji. Kuma zai yi wannan tafiya da komowa sau ɗaruruwa a biki guda. Duk kuɗin da ake zubawa a wannan jita, na wannan komowar ne.

An taɓa kawo mini wata da wani yaro ya saya ta intanet, sabuwa fil, ja jawur, tana walƙiya, ba sunan maƙeri a jikinta ko ɗaya. Kuɗinta bai kai rabin na sauran ba. Na kafa ta a shago, na saita tsirkiya ta biyar a kan muryar Si ta do-re-mi, na taka feda ta farko ta hau Do diyez, wato rabin mataki sama da Do, na saki. Allurar ma'aunin sauti ta tsaya ƙasa da inda ta taso. Na sake takawa, wannan karon ta tsaya sama. Da na kifa ta sai na ga dalili. Ramukan da sandunan ke juyawa a ciki sun fi sandunan faɗi, har kana iya girgiza su da yatsa ka ji ƙwas-ƙwas. Ƙarfen da ya kamata ya tare feda ya hana ta wuce iyaka kuwa falle ne mai laushi, yana lanƙwasa kaɗan duk lokacin da aka taka. Na yi mata zobban tagulla a wajen mai injin feƙe ƙarfe, na canza abin tarewar, ta ɗan yi dama-dama, amma yatsun kansu ba a gyara su da kyau ba tun daga masana'anta, kuma wannan ya fi ƙarfin shagona. Yaron yanzu yana kaɗa ta ba tare da taɓa feda ba. Araha ba ta ado. Wadda ba a san maƙerinta ba, ba kuma inda za ka rubuta ka ce a aiko maka da yatsa ɗaya, ita ce ta farko da za ka guje wa.

Ta biyu da za ka guje wa ita ce wadda ta fi ɗaukar ido, wato mai wuya biyu, tsirkiya 20, feda 8. A hoto ita ce sarauniya. Wuyan gaba shi ne saitin da ake kira E9, wato Mi 9 a bakin mu da muka koyi do-re-mi, na baya kuma C6, wanda aka fi amfani da shi a kiɗan jaz da na rawar Tekzas. Wa zai nemi wannan a bikin aure a Garwa? Nauyinta a cikin akwati yakan haura kilo 25, tsofaffin ma su wuce 30, alhali yawancin jiragen sama kilo 23 suke yarda da shi a jaka guda. Ko ta iso lafiya, kai da ita ne a kan babur duk daren Asabar. Sannan duk abin da ke ƙarƙashinta ninki biyu ne, lalacewa ma ninki biyu.

Mai wuya ɗaya, tsirkiya 10, saitin E9, ta ishe mu har ta yi saura. Dubi tsirkiya ta takwas zuwa ta huɗu: Mi, Fa diyez, Sol diyez, Si, Mi. Ka taka feda ta farko Si ta zama Do diyez. Ga muryoyi biyar ɗin da yawancin waƙoƙinmu ke tafiya a kansu sun kwanta a ƙarƙashin hannunka, ko motsa ƙarfe ba ka yi ba. Feda ta biyu tana ɗaga Sol diyez zuwa La a tsirkiya ta uku da ta shida, ka haɗa ta da ta farko ka koma gidan La kana zaune wuri ɗaya. Ni da waɗannan biyun nake bin mai goge, kuma in ya ja murya ya lanƙwasa ta, ba abin da ke iya bin sa a cikin kayan lantarki sai wannan jita. Mai fiyano sai dai ya yi kallo.

Amma ka ƙirga sandunan gwiwa kafin ka biya. Feda 3 da sandar gwiwa 4, wannan shi ne ma'aunin da kusan duk darussan da za ka samu aka gina su a kai. Biyu daga cikin sandunan nan ba a yi sai da su: wadda ke ɗaga tsirkiyoyin Mi zuwa Fa, da wadda ke sauke su zuwa Re diyez. Akwai wata tsohuwar ƙirar 'yan koyo ta Sho-Bud mai suna Maverick, tana yawo da yawa a kasuwar kwance kuma kuɗinta da sauƙi, amma sandar gwiwarta ɗaya ce. Sunan Sho-Bud babba ne, Shot Jackson da Buddy Emmons ne suka kafa kamfanin a 1957, sai dai sunan ba zai ƙara maka sanda ba. Kafin shekara ta zagayo za ka ga darasi na cewa tura gwiwar hagu, ka tura ka ji iska. Haka tsofaffin Fender 400 da Fender 1000 na ƙarshen shekarun 1950: tsirkiya takwas-takwas ne, da kebul da 'yan ƙananan kura-kurai suke aiki, kuma ba su zo da sandar gwiwa ba sam. Kayan masu tara tsofaffin abubuwa ne.

Wadda na fi jin tsoro a kan samarinmu ita ce tsohuwar jitar kamfanin Emmons ta shekarun 1960 da 1970, mai tsarin tura-da-ja. Duk wanda ya yi ɗan bincike zai ji manya na rantsuwa cewa ba a taɓa yin mai daɗin sautinta ba, kuma ban musa ba. Amma a cikinta hawa da sauka sun dogara da juna, sai an bar wani ɗan sarari a tsakaninsu daidai gwargwado, kuma in ka taɓa sukuru ɗaya ba bisa sani ba sai abu uku su rikice. A can ma masu iya saita ta daga tushe ƙidayayyu ne. In gwani ya saita ta takan daɗe ba ta motsa ba, gaskiya ne. To wadda ta sha jirgin ruwa zuwa Duwala, ta kwana a jirgin ƙasa daga Yawunde zuwa Ngaundere, ta gangaro dutsen nan a saman bas zuwa Garwa, wane saiti ne zai rage mata? Sannan wasu Sho-Bud na ƙarshen shekarun 1970 an yi wasu sassansu da ƙarfen zubi na tutiya, mai gautsi. Masu gyaran keke sun san irinsa: in ya karye ba ya karɓar walda, sai dai a feƙe sabo.

Abin da nake ba da shawara shi ne tsarin zamani wanda komai ja ne, hawa ja, sauka ja. A irin wannan, kowane tsinken ƙarfe yana ƙarewa da ɗan noti na roba a gefen dama, ka saita tsirkiya a sake da maɓallinta na kai, ka taka feda ka saita hawan da notin roba, shi ke nan. Mai hankalin gyaran keke ko babur zai gane shi a zama ɗaya. Kamfanin Mullen da ke Kolorado a Amurka suna yin wata mara nauyi mai suna Discovery, GFI da ke Mizuri suna yin Expo, kuma dukansu ana iya sauya musu tsari in ka ƙware kana son wata feda ta yi wani aiki dabam. Akwai kuma Stage One, ƙirar ZumSteel da ake haɗawa a Mizuri, feda 3 sanda 4, an san ta da riƙe saiti, sai dai yadda ta zo haka za ta zauna, ba a sauya mata tsari. Ga mai koyo wannan ba aibi ba ne, wataƙila ma rahama ce, don ba abin da zai kwance. Wanda ɗan'uwansa ke Faransa ya tambayi kamfanin WBS na Jamus, ya rage wa kansa ƙetaren teku guda. Tsohuwar MSA Classic ta Dalas kuwa ƙarfi gare ta kamar me, kuma ba ta da tsada a kwance, amma ka tambayi bayanka ko zai iya.

Dalilin da ya sa na ambaci waɗannan ba wai sun fi kowa ba ne. Akwai Williams, akwai wasu da dama masu kyau. Abin dubawa shi ne ko akwai mai amsa wasiƙa ya sa sifirin ko noti a ambulan ya aiko maka. Carter Starter, alal misali, feda 3 ce sanda 4 kuma mutane da yawa sun koya a kanta, amma kamfanin ya rufe, don haka sai ka yi tunani sau biyu.

Yanzu maganar yanayinmu, wadda ba za ka same ta a bidiyon kowa ba. A watan Maris da Afrilu zafin Garwa yakan haura digiri 40, a Njamena ma haka ko fiye. Ƙarfe yana miƙewa da zafi, tsirkiya da tsinkayen ja duka, saboda haka saitin da ka yi a ɗaki da la'asar ba shi za ka tarar a filin biki da dare ba. Ka kafa ta da wuri, ka bar ta ta sha iskar wurin, sannan ka saita. Hunturu kuma yana busar da katako har ya tsage, damina ta zo ta kumbura shi. Don haka mai jikin fomika ko mai firam ɗin alminiyam ta fi mana mai fentin nan mai sheƙi da ake ganin zanen katako ta cikinsa, komai kyanta. Ƙura ita ce babbar abokiyar gaba. Na sha ganin teloli suna tuttula wa keke mai, ƙurar hazo ta haɗu da shi ya zama kwaɓa, keken ya yi nauyi. Yatsun jitar nan ma haka suke, kuma su da zarar sun yi nauyi sun daina komawa daidai. Ɗigo guda na man keken ɗinki a bakin allura ya isa kowace gaɓa, ka goge sauran, kada ka kusanci notin roba da shi. Kada kuma ka fesa mata man nan na gwangwani da ake kwance tsatsa da shi. In ba kiɗa kake ba, ka rufe ta da zane.

Ga wani ƙaramin abu da ke tsayar da aiki cak. Kayan Amurka da inci ake auna su, kasuwarmu kuwa milimita ce. Notin robar nan galibi 3/16 na inci ne, wato ƙasa kaɗan da milimita 5. Ka sa masa makullin 5 zai shiga, ya yi kamar ya kama, ya cinye kusurwoyin a hankali har notin ya zama kamar ƙwayar gero. Ka sa a haɗo maka da makullinta na asali, da saitin ƙananan makullai masu kusurwa shida na inci, da notin roba na ajiya, a cikin akwati ɗaya. Haka tsirkiya. Ta uku, wato Sol diyez ta sama, kaurinta 0.011 na inci ne ko sama kaɗan, kuma duk taka feda ta biyu ana jan ta zuwa La, don haka ita ce mai yawan tsinkewa. Ka sayo ta da dozin. In ta ƙare, tsirkiyar farko ta jitar lantarki mai lamba 11 tana maye gurbinta, ita kam ana samu a Yawunde da Duwala.

Lissafin kuɗi kuma a yi shi gaba ɗaya tun farko. Sabuwar ta 'yan koyo ba ta kasa dalar Amurka 1,000, ta ƙwararru mai wuya biyu kuwa ninkin haka sau huɗu ko fiye. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya motsi, don haka jitar yuro 1,500 ta tasar wa sefa miliyan ɗaya tun ba ta bar Turai ba. Ka ɗora kuɗin dako, ka ɗora na duwan, wato kwastan, ka ɗora harajin kayan saye na TVA na kashi 19.25 cikin ɗari. Kuma jitar kaɗai ba ta kiɗa. Akwai ƙarfen gogawa, wanda aka fi amfani da shi mai kaurin 7/8 na inci, akwai farcen ƙarfe biyu da na babban yatsa ɗaya, akwai fedar ƙara da rage sauti wadda ƙafar dama ba ta sauka daga kanta, akwai amfilifaya mai fitar da sauti garau ba mai gurnani ba. Peavey Nashville 112 mai wat 80 ita ce sananniya a wannan fanni, amma wadda aka sayo daga Amurka wutar bolt 120 take ci, tamu kuwa 220 ce. Ka soka ta kai tsaye ka ji ƙauri. Ni dai shawarata a bar amfilifayar a can, a nemi ta fiyano mai kyau a nan, a haɗa ta da na'urar daidaita wuta, kuɗin dakon ya tafi wajen tsirkiya.

In ta kwance za a saya, ba a cinikin biri a sama. Ɗan'uwan da ka aika ba makaɗi ba ne, zai ɗauko maka hoton sama inda take sheƙi. Ka ce ya kifa ta ya ɗauki cikinta daga wannan kai zuwa wancan, ka duba ko akwai tsinken da ya lanƙwashe, ko wanda aka ɗaure da waya, ko ramin sukurun da aka sake huda wa wuri. Ka ce ya matso da kyamara kan yatsun, ka ga ko tsirkiya ta ci musu kwari a ka. Sannan mai sayarwa ya yi bidiyo da ma'aunin sauti a fili, ya taka kowace feda ya saki, ya tura kowace sanda ya saki, kana kallon allura. In ya ce ba shi da lokacin wannan, kai ma ba ka da kuɗin. Ka kuma tambayi jerin fedar, don iri biyu ne: na makaɗi Emmons da na makaɗi Jimmy Day, ɗaya kishiyar ɗaya ne, kuma yawancin darussa na Emmons suke bi. Dogon mutum ya faɗi tsawonsa, don gwiwa sai ta shiga ƙarƙashi ta sami wurin motsi. Ba a kuma kaɗa ta da babbar riga ko silifas, rigar takan sarƙe sandunan, silifas kuma ya zame daga feda, wannan kam ka shirya wa surutun mutanen biki.

Wanda kuɗinsa bai kai ba, kada ya ce bari ya sayi ta banza kafin nan. Ya samu tsohuwar jitar lantarki, ya ɗaga tsirkiyarta da ɗan ƙarfe a wajen kai, ya kwantar da ita a cinya, ya koyi riƙe ƙarfen gogawa daidai kan layi da kashe tsirkiyar da ba ya so da gefen hannun dama. Wannan shi ne rabin aikin, kuma shi ya fi cin lokaci. Kuɗin ya ci gaba da taruwa a adashi.

Malam Edita, ina da roƙo guda. Jaridarka tana shiga Legas da Ibadan, inda makaɗan juju suka daɗe da wannan jita a hannu. In akwai mai gyaranta ko mai sayar da tsirkiyarta da kayan cikinta a can, a taimaka ya sanar ta wannan shafi. Daga Legas zuwa Yola mota ce, daga Yola zuwa nan kuma muna da masu shigowa kullum.

Na gode. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Mai gyaran keken ɗinki,
Garwa, Kamaru